Gidan sauro, feshi ko yashe kwata: wanne ne kuɗinsa ke biya a yaƙi da maleriya a Legas?

Da zarar ruwan Afrilu ya sauka a Legas, har zuwa ƙarshen Yuli, zance ɗaya ne a majalisun Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Alaba Rago: sauro ya yi yawa, me za a yi? Wani ya ce a yi karo-karo a kira masu feshi su bi layi da hayaƙi. Wani ya ce ba feshi ba, kwata za a yashe. Mai ɗaki ya ce shi igiyar leko ta ishe shi, don gidan sauro zafi gare shi. Kowa da hujjarsa, kuma kowa kuɗi yake kashewa. Tambayar da ba a cika tsayawa a kanta ba ita ce: idan kuɗin da ke hannu ƙalilan ne, na gwamnati ne ko na magidanci, ina za a zuba su su hana zazzaɓi mafi yawa?

Wannan tambaya tana da amsa, kuma amsar Legas ba irin ta Kebbi ko Jigawa ba ce.

Araha daban, biyan buƙata daban

Hausawa sun ce araha ba ta ado. A wajen masana tattalin lafiya, ba farashin abu a kasuwa ake dubawa ba. Ana haɗa duk abin da aka kashe, daga sayen kaya zuwa dako da ladan ma'aikata, sai a raba shi da yawan alherin da aka samu. Alherin kuwa ana auna shi ta hanya uku: mutum nawa aka kare a shekara, zazzaɓi nawa aka hana, da kuma shekarun lafiya nawa aka ceto daga jinya ko mutuwar ƙuruciya.

Wani nazari da aka buga a 2011, wanda ya tattara bincike da dama daga ƙasashen da ke fama da cutar, ya nuna cewa kare mutum ɗaya na shekara guda da gidan sauro mai magani yana cin kimanin dala 2.20, feshin bangon ɗaki kuma dala 6.70. Da aka koma ga shekarar lafiya ɗaya da aka ceto, gidan sauro ya tsaya a kan dala 27, feshin bango a kan dala 143. Farashi ya canza tun daga lokacin, amma tazarar tana nan.

Sai dai akwai abin lura da mutane da yawa ke tsallakewa. A ƙaddara unguwanni biyu, kowace da mutum 1,000, an kashe musu kuɗi iri ɗaya, kuma maganin ya rage cutar da rabi a kowace. Idan ta farko tana samun zazzaɓi 400 a shekara, an hana 200. Idan ta biyu 40 take samu, an hana 20 kacal. Kuɗi ɗaya, aiki ɗaya, amma hana zazzaɓi guda a unguwa ta biyu ya ninka na farko tsada sau goma. Wato darajar kowace hanya ta dogara ne da yawan cutar a wurin da aka yi aikin.

Legas ba Kebbi ba ce

Nijeriya ce ke ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya, da kusan kashi ɗaya cikin uku na masu mutuwa, kamar yadda rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya ke nunawa shekara da shekaru. Amma nauyin bai rabu daidai ba. Binciken ƙasa na 2021, wanda aka ɗebi jinin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, ya samu ƙwayar cutar a jikin kashi 22 cikin ɗari a ƙasa baki ɗaya. A Kebbi kashi 49 ne. A Legas kuwa bai wuce kashi 3 ba, kuma babu jihar da ta kai ta ƙanƙanta. Wannan ne ya sa a watan Maris na 2025 gwamnatin jihar ta ƙaddamar da shirin kama hanyar kawar da cutar gaba ɗaya, tana mai jaddada cewa a yi gwaji kafin a sha magani.

Abu biyu ke biyo bayan wannan. Na farko, yawancin zazzaɓin da ake kira maleriya a tsakiyar Legas ba ita ba ce, kuma kuɗin da ake kai wa kemis a sayi maganinta ba tare da gwaji ba asara ce biyu: kuɗi ya tafi, ainihin ciwon kuma yana nan yana cin jiki. Gwajin gaggawa da ake ɗiga jinin yatsa yana ba da sakamako cikin minti 15 zuwa 20. Na biyu, ɗan abin da ya rage na cutar ba a baje yake ba. Ya fi taruwa a gefen gari da bakin ruwa, irin su Ikorodu, Epe, Badagry, Ibeju-Lekki da sassan Ojo, inda fadama da sababbin gine-gine da gonaki suka haɗu. Duk shirin da zai yi wa Mushin da Epe aiki iri ɗaya ya fara da ɓarnar kuɗi.

Ba duk mai kuka a kunne ne mai kawo cuta ba

A nan ne ruɗanin ya fi yawa. Sauron da ke hana barci a yawancin gidajen haya na Legas, mai launin ƙasa-ƙasa, mai kuka a kunne, jinsin Culex ne. A baƙin ruwan kwata yake hayayyafa, da masai, da rijiyar bayan gida da murfinta ya fashe. Yana da ban haushi ƙwarai, amma ba ya ɗaukar maleriya. Mai ɗaukarta macen Anopheles ce, kuma ita ba ta cika surutu ba. Ta fi cizo daga tsakar dare zuwa asuba.

Ana iya bambance su da ido. Idan Anopheles ta sauka a bango, za ka ga ta kife kai ta ɗaga bayanta sama kamar an soka tsinke a karkace. Culex kuwa jikinta a kwance yake daidai da bango. A cikin ruwa ma haka: ɗebi ruwan a farin kwano ka tsaya cak na ɗan lokaci. Tsutsar Anopheles tana kwanciya a miƙe a saman ruwa kamar ƙaramin tsinken ashana, ta Culex kuwa tana rataye ne kai ƙasa.

Anopheles ta fi son ruwa marar zurfi wanda rana ke duka: sawun tayar tirela a garejin da ba kwalta, ramin harsashin ginin da aka bari, wurin buga bulo, kwarin lambun kayan miya, gefen fadama. Masu bincike a NIMR, cibiyar binciken lafiya ta ƙasa da ke Yaba, sun nuna tun shekarun baya cewa ta fara sabawa da gurɓataccen ruwa a Legas, don haka ba a cewa kwata ba ta da laifi ko kaɗan. Amma dai wanda ya yashe kwatar ƙofar gidansa ya bar kududdufin bayan layi, ya samu barci ne, bai taɓa maleriya sosai ba. Yashe kwata wajibi ne saboda ambaliya da kwalara da tsabta. Kada dai a lissafa duk kuɗinsa a kan maleriya.

Wani abu guda ya kamata a riƙe, domin a kansa duk lissafin ya ginu. Sauro ba a haifarsa da cutar. Sai ya ciji mai ɗauke da ita, sannan ƙwayar ta yi kwana 10 zuwa 14 tana girma a cikinsa kafin ya iya harba wa wani. Yawancin sauro ba sa kai wannan tsufa. Saboda haka hanyar da ke gajarta ran babban sauro, a daidai wurin da yake zuwa neman jini, ta fi hanyar da ke rage yawansa kawai tasiri nesa ba kusa ba.

Gidan sauro mai magani

Dalilin da ya sa gidan sauro mai magani ya fi kowace hanya riba ke nan. Katanga ne kuma tarko ne: numfashi da warin jikin mai barci ke jawo sauron, ya sauka a ragar, ya kwashi magani, ya mutu. Wanda ke ciki ya zama abin ɗana tarkon ba tare da an taɓa shi ba, kuma idan yawancin mutanen unguwa na amfani da shi, har wanda ba shi da shi yana samun sauƙi. Gwaje-gwajen da aka yi a Afirka sun nuna yana rage mutuwar ƙananan yara da kimanin kashi 17 cikin ɗari, yana kuma rage kamuwa da kusan rabi. Wani babban nazari na 2015 ya ƙiyasta cewa an hana kamuwa miliyan 663 a Afirka tsakanin 2000 da 2015, kashi 68 daga ciki albarkacin gidan sauro, kashi 10 albarkacin feshin bango.

A matakin magidanci lissafin ba ya buƙatar kwamfuta. An tsara gidan sauro ya yi shekara uku, mutum biyu a ciki. Mai kunna igiyar leko ɗaya kowane dare zai ƙona 1,095 a wannan tsawon lokaci. Ninka kuɗin igiya ɗaya da wannan adadi ka ajiye kusa da kuɗin gidan sauro, ko da a kasuwa ka saya ba a asibiti aka ba ka wajen awon ciki ba. Ga shi kuma igiyar tana rage cizo ne kawai, ba a samu ƙwaƙƙwarar shaida cewa tana rage maleriya ba, hayaƙinta na damun ƙirjin yara da masu asma, sau da yawa ma takan mutu kafin asuba, daidai lokacin da ake buƙatarta.

Inda ribar ke zubewa shi ne wajen amfani. Gidan sauron da ke cikin leda a ƙarƙashin gado shi ne mafi tsada a duniya, don bai hana komai ba. Ƙorafin da aka fi ji biyu ne, ƙaiƙayi da zafi. Na farko yana da magani: sabo a shanya shi a inuwa awa 24 kafin a kwana ciki, ba a rana ba, domin rana na kashe maganin. Na biyu gaskiya ne, musamman a Fabrairu da Maris a ɗakin da ke da taga ɗaya. A ɗaure shi sama sosai ya buɗe, kuma ƙaramar fanka mai caji a ciki tana sauya lamarin. Sauran ƙa'idojin: a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma ta kowane gefe, kada hannu ko gwiwa su jingina da raga, a naɗe shi sama da safe don yara da ɓera, a ɗinke huda tun tana ƙarama. Wanki da sabulun sanda da ruwan sanyi, ba da omo ko bilic ba, a shanya a inuwa. Wanki 20 aka gwada shi ya jure, don haka sau ɗaya a wata biyu ko uku ya isa.

Babbar barazanar ita ce sauro ya saba da maganin. Kusan duk tsofaffin gidajen sauro jinsin magani ɗaya ke jikinsu, wato pyrethroid, kuma sauron Legas da na sauran sassan ƙasar ya daɗe da fara jure masa. Shi ya sa aka fito da sababbi iri biyu. Akwai mai haɗin PBO, sinadarin da ke toshe hanyar da sauro ke narkar da gubar a jikinsa. Akwai kuma mai haɗin chlorfenapyr, wanda a gwajin Tanzaniya ya rage kamuwar yara da kashi 44, a na Benin da kashi 46, idan aka kwatanta da tsohon samfuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da mai haɗin chlorfenapyr ɗin a 2023. Sun ɗan fi tsada, amma wannan shi ne wurin da tsada ta fi araha biya. Mai saye ya duba leda ya ga abin da aka rubuta.

Abu uku ne ake kira feshi

Na farko feshin bango, wanda shi ne na gaskiya. Anopheles idan ta ƙoshi sai ta sauka a bango ta huta, a nan maganin ke kama ta. Aiki ne na ƙwararru: a fitar da abinci da ruwa da kwanuka, bakin famfo ya tsaya santimita 45 daga bango, kowane layi faɗin santimita 75, a bi daga sama zuwa ƙasa ba gaggawa. Mutanen gida su yi awa biyu a waje, a buɗe tagogi, a share matattun ƙwari a binne kafin kaji ko yara su kai gare su. Bangon da aka wanke ko aka sake wa fenti ya tashi daga aiki. Maganin yana ɗaukar watanni, sannan a sake. Kuma dole a samu aƙalla gida takwas cikin goma na yankin, in ba haka ba kuɗin ya tafi a banza. A birnin da mutane ke kulle ɗaki tun asuba su dawo bayan isha, kai wa wannan adadi ba wasa ba ne.

Arewa ta taɓa ganin iyakar wannan hanya. A Garki, da ke Jigawa a yau, an gudanar da babban gwaji tsakanin 1969 da 1976, aka fesa maganin ƙwari mai suna propoxur a ɗakuna, wasu ƙauyukan har da raba magani ga kowa. Cutar ta faɗi ƙasa warwas, amma ba ta yanke ba, saboda wani kaso na sauron ba ya kwana a ɗaki; da aka daina sai ta dawo. A ganina feshin bango a Legas kayan kashe gobara ne: a kai shi ƙauyen bakin ruwa da alƙaluman asibiti suka nuna cutar ta tashi, ba a baza shi a gari ba.

Na biyu hayaƙin da ake bi layi da shi. Shi mutane suka fi so don ana gani ana jin wari, shi ne kuma mafi ƙarancin amfani. Sauron da hayaƙin ya taɓa yana tashi kaɗai yake kashewa, ba ya barin komai a baya, kuma yawanci da rana ko yamma ake yinsa, lokacin da Anopheles ke ɓoye. Bayan kwana biyu ko uku sababbi sun fito daga ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar yinsa don maleriya ba. Ƙungiyar unguwa ko ta kasuwa da ta tara kuɗi don wannan, da ta sayi gidajen sauro ta raba wa masu ciki da yara da ya fi mata.

Na uku na gwangwani, da ɗan'uwansa fiya-fiya. Na gwangwani yana kashe abin da ke ɗakin a wannan sa'a. In taga ba raga, kafin tsakar dare wasu sun shigo. Fiya-fiya da Sniper kuwa maganin gona ne mai suna dichlorvos, ba a yi shi don ɗakin kwana ba. Tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kantuna da kasuwannin yau da kullum. Yayyafa shi a ɗaki a rufe ƙofa da yara a ciki ganganci ne da rai, kuma duk arahar da aka gani a cikinsa kwana ɗaya a asibiti ya cinye ta.

Bin tsutsa har gida

Ga hanyar da ƙauye ba ya iyawa amma birni zai iya: kashe tsutsar sauro tun tana cikin ruwa. Sharaɗinta uku: wuraren hayayyafar su zama kaɗan, tsayayyu, kuma masu ganuwa. Kuɗinta ya dogara ne da faɗin ƙasa, ba yawan mutane ba, don haka cunkoson Legas riba ne a nan: kududdufi ɗaya da aka kashe ya kare ɗaruruwan mutane. A Darussalam ta Tanzaniya, inda aka fara wannan aiki a 2006, an ƙiyasta kuɗinsa bai kai dala ɗaya ga mutum a shekara ba, kuma ya rage kamuwa da kimanin kashi ɗaya cikin biyar. Legas kanta ta san hanyar: gwamnan zamanin Turawa MacGregor, wanda likita ne, ya haƙa magudanar da ta raba tsibirin Legas da Ikoyi a farkon ƙarni na 20, kuma a lokacin yaƙin duniya na biyu an janye ruwan fadamun Apapa saboda sauro.

Mataki na farko cikewa ne da janyewa, don abin da aka cike da ƙasa ba ya buƙatar magani. Abin da ba ya cikuwa sai a zuba masa Bti, maganin da ake samu daga wata ƙwayar halitta, wanda ke kashe tsutsa ba ya taɓa kifi, dabba ko mutum. Rauninsa shi ne ba ya wuce mako guda a rana, sauro kuwa daga ƙwai zuwa mai fiffike kwana 7 zuwa 10 ne a zafin Legas. Saboda haka zagayen mako-mako ne, da taswira, da mai duba aiki. Yawancin kuɗin ladan ma'aikata ne, kuma a nan ake faɗuwa: a ƙaddamar da biki, a yi wata biyu, albashi ya tsaya, sauro ya dawo. Safiyar Alhamis da kasuwannin Legas ke rufewa don shara dama ce da ba ta buƙatar ƙarin kuɗi. A ware mutum biyu su zagaya da farin kwano su nemo ruwan da ke da tsutsa mai kwanciya. Baƙin mai kuwa kada a zuba shi a ruwan don kashe tsutsa, yana bin ƙasa ya shiga rijiya.

Wannan aiki zai ƙara muhimmanci saboda baƙon sauro Anopheles stephensi, ɗan asalin Asiya, wanda aka gano a Gombe a 2020. Shi a tankin ruwa da durom da rijiya yake hayayyafa, rani da damina. A Jibuti, inda ya ɓulla a 2012, masu kamuwa sun tashi daga 27 a shekarar zuwa fiye da 70,000 a 2020. A garin da kowane gida ke ajiye ruwa a durom, murfi mai kama baki sosai kariya ce da kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Raga a taga, da waɗanda ba su da ɗaki

Sa raga a taga da ƙofa da toshe tsakanin bango da rufi yana da tsada a ranar farko, amma yana kare duk wanda ke ɗakin tun daga magariba, kuma yana tare Culex ɗin da ke hana barci. Gwaji a Gambiya ya nuna yana rage shigar sauro da kusan rabi. A Legas ragar ƙarfe tana saurin tsatsa saboda iskar gishiri, ta roba mai kauri ta fi daɗewa. Matsalar gidan haya ce: ɗan haya ba ya son gyara ɗakin wani. Firam na katako mai cirewa, wanda za ka tashi da abinka, yana warware wannan.

Akwai kuma dubban 'yan'uwa da duk wannan lissafi bai shafa ba: masu gadi, 'yan dako a Mile 12, direbobin da ke kwana a layin Apapa, 'yan cirani masu kwana a rumfa ko harabar masallaci. Mai kwana a waje zai iya ɗaure gidan sauro da igiya huɗu a jikin rumfa ko gefen mota, ko ya nemi irin mai sandunan roba da ke tsayawa da kansa. Mai gadi da ke zaune ido biyu kuwa sai doguwar riga da safa da man shafawa mai DEET, sinadarin korar sauro, a wuya da idon sawu, ana sabuntawa bayan 'yan awanni. Wannan man ba ya rage cutar a gari, amma yana kare mai shi.

Haɗarin da ya fi girma ga Bahaushen Legas sau da yawa ba a Legas yake ba. Garkuwar jiki daga maleriya da yawan cizo ake samunta, kuma tana raguwa idan an daɗe ba a kamu ba. Yaron da aka haifa a Agege ya tashi kusan ba shi da ita. Idan aka kai shi Kebbi, Katsina ko Zamfara hutun makaranta a watan Agusta ko Satumba, an kai shi ne tsakiyar lokacin cutar, kuma irinsa ne ke saurin kaiwa ga jijjiga da ƙarancin jini. A sa gidan sauro a jakar tafiya kamar yadda ake sa tsaraba, a rataya shi tun daren farko. Duk zazzaɓin da ya zo daga mako guda da isa gida har zuwa wata ɗaya bayan dawowa, a yi gwaji a ranar, a kuma gaya wa ma'aikacin lafiya garin da aka je da ranar da aka dawo.